Arzikin da duwan ba ya iya tsarewa a bakin iyaka

Ƴan uwa mutanen Gaya da Birnin Kwanni, na Madawa da Gidan Rumji, na Ɗan Isa da Madarunfa, na Matamai da Magarya,

Ranar 20 ga Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Abin da ya biyo baya ku kuka fi kowa saninsa. Manyan motoci sun yi jerin gwano a Gaya da Kwanni da Ɗan Isa har tayoyinsu suka sace. Wake da aya sun rasa masaya, dabbobi sun karye a kasuwa, ƴan dako da ƴan kabu-kabu da masu tuwon tasha suka wayi gari hannu rabbana. A Nuwamban waccan shekarar aka ƙara da hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ƴan ruwa-ruwa ma suka shiga sahu. Sa hannu ɗaya aka yi a Abuja, kasuwanninmu suka kwanta tun daga bakin kogin Isa har Komadugu.

Ba mu da faɗa da Najeriya. Dangi ne, surukai ne, kuma kowace gwamnati tana kare abin da take ganin nata ne. Tambayarmu ga masu mulkin Yamai na wancan lokacin take. A ƙarshen 2020 sun kusa cika shekara goma a kan kujera. Me suka sa a hannun yaron Magarya wanda zai ci abinci da shi ko da an rufe Tinkim? Me suka koya wa yarinyar Kwanni da za ta saida wa duniya ba tare da ta bi ta ƙofar Illela ba?

Domin amsa wannan tambaya za mu kai ku nesa, zuwa wata ƴar ƙasa a arewacin Turai mai suna Istoniya. Faɗinta kusan daidai yake da faɗin jahar Maraɗi, mutanenta miliyan 1 da dubu 300, wato Maraɗi kaɗai ta ninka ta fiye da sau uku. Ta yi kusan shekara 50 ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, ta maido da ƴancinta a watan Agustan 1991. Dattawa za su tuna inda muke a wannan watan. Muna zaune a babban taron ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe ranar 3 ga Nuwamba, muna rabuwa da mulkin jam'iyya ɗaya, muna shirin riƙon ƙwarya. Shekara ɗaya muka ɗaura ɗamara da su.

Kuma ba cikin daɗi suka tashi ba. Kusan duk cinikinsu da Sobiyet suke yi, sai kasuwar ta rushe a kansu dare ɗaya. A 1992 farashin kaya ya ninka fiye da sau goma cikin shekara guda. An yi rabon burodi da tikiti, an rasa man ɗumama gidaje a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni. Gidajen da ke da tarho ba su kai rabi ba. Daga 1995 babbar maƙwabciyarsu Rasha ta ninka harajin duwan a kan kayansu, ba a janye ba sai a 2004. Ƙaramar ƙasa da ta saba rayuwa da kasuwar ƙatuwar maƙwabciya, ranar nan aka turo mata ƙofa. Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Ɗan Isa.

Ba su da rijiyar mai irin ta Agadem, ba su da zinariya. Itace suke da shi, da wani dutse mai maiƙo da suke ƙonawa su sami kuran. Gwamnatin da suka zaɓa a 1992 ta matasa ce, firaministanta Mart Laar shekararsa 32, malamin tarihi ne. A shekarun nan maƙwabciyarsu Finlan ta yi musu tayin tsohon injin tarho na birnin Helsinki kyauta, tunda ita ta sayi sabo. Suka ce sun gode, ba sa so. Sun lissafa cewa in suka karɓi gwanjon, za su daɗe suna gyaransa, gara su ƙuntata su kafa na zamani. Mu da muka saba ana yi mana bikin yanke ƙyalle a kan kayan da wasu suka gaji da su, ya kamata mu tsaya a kan wannan.

A Fabrairun 1996 shugaban ƙasarsu Lennart Meri ya sanar da wani shiri da suka raɗa wa suna Tsallen Damisa. Jakadansu a Amurka Toomas Hendrik Ilves da ministan iliminsu Jaak Aaviksoo ne suka kawo shawarar: kowace lakwal a ƙasar ta sami kwamfuta da intanet, ta birni da ta ƙauye. Gwamnati ta sa kuɗi, ƙananan hukumomi suka sa nasu, aka maida dubban malamai aji aka koya musu tukuna. Cikin shekara biyar aka gama haɗa makarantun. Ba su manta da manya ba. Tsakanin 2002 da 2004 bankuna da kamfanonin waya suka haɗa kuɗi aka koya wa mutum wajen dubu 100 yadda ake amfani da kwamfuta, kyauta, har da tsofaffi da ƴan ƙauye.

Sannan suka juyo kan gwamnatin kanta. A 2000 aka fara biyan haraji ta intanet. A 2001 suka kafa wani tsari mai suna X-Road, a 2002 aka fara bai wa kowane ɗan ƙasa kati mai ƙwaƙwalwa wanda da shi yake sa hannu. Yadda abin yake aiki ba wuya. Kowane ofishi yana riƙe da rajistarsa, ofishin haihuwa da tasa, likita da tasa, ofishin filaye da tasa, amma akwai amintacciyar hanya da suke tambayar junansu. Doka ta hana hukuma ta nemi ɗan ƙasa ya kawo mata bayanin da wata hukumar ta riga ta karɓa. Kuma duk ma'aikacin da ya leƙa takardunka, sawunsa yana nan, kai da kanka za ka buɗe ka ga wane ne ya duba, yaushe, ka kai ƙara in ba shi da hujja. A 2020 sai ƴan abubuwa kamar ɗaurin aure da saki ne ke sa mutum ya taka zuwa ofis. Wanda ya taɓa biyan kuɗin mota daga Dungas zuwa Damagaram don takarda ɗaya, aka ce masa mai sa hannu ya fita ya dawo jibi, shi zai gane ko nawa wannan tsari ke maida wa talaka a aljihu. Ga kuma na goro da ke mutuwa, domin ba a miƙa wa na'ura goro.

Amfanin gonar ya zo bayan shekara bakwai. A 2003 wasu samarin Istoniya suka rubuta manhajar Skype wadda aka riƙa kiran waya da ita ta intanet. A 2005 kamfanin eBay ya saye ta a kan dala biliyan 2 da miliyan 600, kuɗin da ya fi kasafin gwamnatin Nijar na waccan shekarar nesa ba kusa ba. Gaskiya mafi yawan kuɗin aljihun masu jari na waje ya shiga. Amma yaran da suka yi aikin sun fita da abin hannu da kuma sanin yadda ake yi. Ma'aikacin Skype na farko, Taavet Hinrikus, shi da abokinsa suka kafa TransferWise a 2011, kamfanin aika kuɗi ƙasa zuwa ƙasa. A 2013 wani yaro ɗan shekara 19, Markus Villig, ya kafa Taxify, wanda yanzu ake kira Bolt. Duk wanda ya je Legas ko Abuja ya ga motocinsa. Kowace tafiya da fasinja ya yi a Legas, wani kaso na kuɗin yana bin waya ya tafi Tallin, ba ya tsayawa a shingen kowa. A jarrabawar duniya ta PISA ta 2018, yaran Istoniya ne suka zo kan gaba a duk Turai.

To, a nan sai mu yi hattara. Istoniya ta shiga 1991 da abin da mu ba mu da shi. Tun ƙidayar 1897 kusan kowane babba a cikinsu ya iya karatu. Jami'arsu ta Tartu tun 1632 take. Sobiyet ta bar musu kuran a kowane ƙauye da injiniyoyi da cibiyar binciken lissafi da na'ura tun 1960. Finlan mai arziki tana tsallaken ruwa, kilomita 80 kacal, kuma daga 2004 kuɗin Tarayyar Turai ya riƙa shigowa. Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce muku zai maida Nijar Istoniya cikin shekara biyar ya raina muku hankali, ko da rigarmu ya sa. Abin ɗauka a wurinsu shi ne yadda suka jera abubuwa. Da ɗan abin da ke hannunsu suka fara da malami da aji, suka bi da gyaran ofis, kamfanoni suka zo daga baya da ƙafarsu. Kuma gwamnatoci sun yi ta sauyawa a can, babu wadda ta rushe aikin ta gabanta don kawai ba ita ta fara ba.

Akwai kuma wani gefen labarin da masu yabon Istoniya ba sa son faɗa, kuma shi ya fi shafarku. A gabashin ƙasar, daidai bakin iyakar Rasha, akwai birnin Narva. Mutanensa Rashanci suke ji, da yawansu harshen gwamnati bai zauna a bakinsu ba. Masaƙar Kreenholm da ta taɓa ɗaukar ma'aikata fiye da dubu 10 ta durƙushe a 2010. Yayin da Tallin ke ƙirga sababbin kamfanoni, yankin Narva shi ne kan gaba a rashin aiki, samarinsa suna ta ficewa. Ko a ƙasar da ta yi abin kirki, mutanen bakin iyaka masu wani harshe daban an bar su a baya. In ba a tsara abin da gangan ba, tattalin arzikin ilimi a babban birni yake tarewa. Mun ga alamarsa a nan gida: an yi ta taro a manyan otal na Yamai a kan Nijar 2.0 da ƙauyukan zamani, alhali a garuruwanmu da yawa sai mutum ya hau tudu yake samun rezo, wani lokacin ma rezon Najeriya ne ke cetonsa.

Yanzu mu dubi namu. A 2011 an yi mana alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga ilimi, da aji 2,500 kowace shekara, da lakwal kyauta kuma dole har shekara 16. Ku tambayi mushen garinku ko ya ga wannan kashi 25 ɗin. Har gobe dubban yaranmu a rumfar kara suke karatu, wadda ba a iya kafawa sai an gama girbi, kuma ruwan farko ke tashinta, shekarar karatu ta guntule kai da gindi. Binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna a cikin yaran Nijar goma da suka kai ajin ƙarshe na firamare, fiye da tara ba su kai matakin da ake bukata ba a karatu da lissafi. Shekara shida yaro yana zuwa, ya fito bai iya karanta wasiƙar babansa ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Aka yi ta yayata sakamakon kamar laifin malaman ne. Wa ya ɗauke su ba horo? Wa ke biyansu abin da bai kai jikka ɗari ba a wata, shi ma sai sun yi yajin aiki? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na ci gaban ɗan Adam na 2019 ya sa mu na 189 cikin ƙasashe 189.

Kuɗin kuma ba ɓata suka yi ba, an ga inda suka bi. An shimfiɗa layin dogo kilomita wajen 140 daga Yamai zuwa Doso, an yi bikinsa a Janairun 2016 ana gab da zaɓe, har yau bai ɗauki buhun albasa ɗaya ba. A farkon 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya bankaɗo biliyoyin sefa gommai da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da muke makokin sojojinmu 71 na Inates da 89 na Shinagodar, Allah ya jiƙansu. Ku ƙiyasta aji nawa na siminti wannan kuɗi zai gina.

Shi kuwa arzikin ƙarƙashin ƙasa da aka ce mu dogara da shi, yana da ranar ƙarewa. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Kamfanin Cominak ya rufe a watan Maris na 2021. Imuraren da aka yi ta yi mana kirari da shi an dakatar tun 2014. Matatar Soraz ganga dubu 20 take tacewa a rana, bututun da aka ja zuwa Benin ya ƙara kuɗin shiga, amma rijiyar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa. Rabin ƴan Nijar ba su wuce shekara 15 ba. Ba ramin da zai ɗauke su aiki. In ba a ba su abin yi a ka da hannu ba, hanyar ci-rani ce, kuma mutanen Kance da Matamai ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ya cin kwamfuta. Gaskiya ne. Sai dai a ƙasar nan ilimi ya riga ya ciyar da mutane, ba a dai kira shi da sunansa ba ne. Sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke, a jahar Maraɗi ya fara a shekarun 1980, manomi ya koya wa manomi, har aka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, gawo ya dawo, gero ya ƙaru. Ba injin da aka sayo. Buhun nan mai ninki uku da ke hana ƙwari cin wake ba tare da magani ba, da masu binciken INRAN na Maraɗi aka gwada shi, kuma shi ya ba manomi damar riƙe wakensa har farashi ya tashi maimakon ya zubar da kaka. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsinmu daga 2001 zuwa 2006 ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da mai lambu zai kunna injin ban-ruwa da wayarsa daga nesa, har ya ci babbar kyautar ruwa ta duniya a 2015. Nita da Al Izza sun sa kuɗin ɗan ci-rani yana isa hannun uwarsa kafin ya kashe waya. A kowace tasha akwai yaron da bai gama firamare ba amma yana buɗe salula ya gyara. Alhazan Maraɗi suna ƙulla cinikin miliyoyi da saƙon murya na WhatsApp. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci gwamnatin da za ta aza mata tubali.

Ga abin da muke nufin yi in kun ba mu amana, kuma mun jera shi yadda za a iya tuhumarmu da shi.

Farko, yaro ya iya karatu kafin ya gama aji uku. Duk sauran magana a kan wannan take tsaye, domin intanet ba ta da amfani ga wanda bai iya karanta abin da ke kan gilashin ba. Hanyar da ta fi sauri an san ta, kuma a nan aka gwada ta. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. An yi kusan shekara 50 ana kiran abin gwaji. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, amma mafi yawan yaranmu har yau ranar farko da suka shiga aji da harshen da ba a yi a gidansu ake tarbarsu. Mutanen Istoniya masu harshen da mutum miliyan ɗaya kacal ke ji, da shi suke karatu tun daga aji ɗaya har jami'a, da shi suke sarrafa kwamfuta, kuma hakan bai hana su iya Ingilishi ba. Za mu fitar da koyarwa da harshen uwa daga gwaji, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci da sauransu, kowane yanki da nasa, da littattafai a hannun yara. Makarantun allo kuma a daina kallonsu kamar ba makarantu ba. Almajirin da ya iya rubutun ajami ya riga ya san mene ne harafi, ƙara masa lissafi da boko da sana'a aikin wata ƙalilan ne in an yi shi da yardar malamansa.

Malami kuwa a biya shi ranar da aka ce, ta wayarsa, kada ya rufe aji kwana uku ya tafi babban gari bin layi. A horar da shi kafin a ba shi alli, a buɗe masa hanyar zama cikakken ma'aikaci. Ba za mu sayo kwamfuta ko ɗaya mu kai lakwal da malaminta ke bin bashin wata biyu ba. Rumfunan kara a maye su da gini, a fara da garuruwan iyaka da na karkara, a kuma buga jerin sunayen garuruwan da kuɗin kowane aji a manna a ƙofar ma'aikatar magajin gari, kowa ya gani. A Istoniya kowane ɗan firamare yana cin abincin rana kyauta a lakwal. A wurinmu kwanon abinci shi ne ke riƙe yarinya a aji lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma in daga manoman garin aka sayi geron da waken, riba biyu ce.

Sai kuran. A 2020 mafi yawan wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, madatsar Kandaji kuwa tun 2008 ake aza harsashinta. Ba za mu ce wa yaron Bangi ya jira Kandaji ba. Rana muke da ita fiye da kowa, tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018 ta nuna ana iyawa. Kowane kwaleji da kowane gidan likita na karkara ya sami faifan hasken rana da batir da intanet, a kuma bar ɗakin a buɗe da yamma domin manya da matan aure da masu sana'a. Wayar fiba da Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗinta tun 2016, wadda aka tsara reshenta ɗaya ya bi Damagaram zuwa Tinkim, a sauke ta a garuruwan da ta ratsa, kada ta wuce ta ƙarƙashin ƙafarmu kamar yadda manyan wayoyin kuran ke wucewa ta saman ƙauyukan da ke kwana a duhu. Harajin da ake ɗora wa kira da intanet a sassauta shi, tunda a ƙarshe mai sayen kati na dala ashirin ne ke biya.

Takardu ma haka. Rajistar zaɓen 2020 ta tona asiri, sai da aka yi ta zaman kotun tafi-da-gidanka domin mutane masu yawa ba su da ko takardar haihuwa. Yaro yakan kai ajin jarrabawa a ce ba shi da takarda. Maƙwabciyarmu Benin, wadda ke tsallaken gadar Gaya, ta ɗauko tsarin nan na Istoniya da taimakon ƙwararrunsu, a 2020 ta buɗe shafin da ɗan ƙasa ke neman takardunsa daga wayarsa. Abin da aka yi a Malanbil ba zai gagara a Gaya ba. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne ya raba mu da masu mulki. Mutanen Istoniya sun yarda su sa bayanansu a na'ura ne saboda su ma suna ganin mai duba su, kuma da aka kai wa na'urorinsu hari a 2007, da kuma lokacin da aka gano rauni a katunansu a 2017, gwamnati ta fito ta faɗa wa jama'a. Mu kuwa a 2019 aka yi dokar laifukan intanet, a Mayun 2020 aka ƙara da dokar sauraren wayoyin mutane, a Yuni aka kama ƴar jarida Samira Sabou a kan rubutun Facebook game da kuɗin ma'aikatar tsaro, ta yi fiye da kwana 40 a kaso kafin kotu ta sallame ta. Yaron da ke tsoron abin da zai rubuta ba zai ƙirƙiro komai ba. Za mu gyara waɗannan dokoki biyu, sauraren waya ya koma sai da izinin alƙali.

Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Difa suna nan, sai dai yajin aiki da jinkirin alawus sun sa shekara ɗaya tana cin biyu. Muna so a ɗaure su da abin da yankinsu ke samarwa. Albasar Galmi da ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi, fatar jar akuyar Maraɗi da ake fitarwa ɗanya wasu su jeme su ci ribar, kilishi da aya da riɗi da ba su da tambari balle awon inganci da zai kai su manyan kantunan duniya, duk aikin masu ilimi ne, kuma a nan kuɗin yake.

Ku kuma mutanen iyaka kuna da jarin da Yamai ba ta lissafa ba. Yaronku yana jin Hausa, yana koyon Faransanci, kunnensa ya saba da Ingilishin Kano da Katsina da Sakkwato, ya san naira ya san sefa tun yana tallan goro. Masu jin Hausa miliyoyi gommai ne daga Agadas har Kumasi har Sudan, suna bukatar mai fassara, mai lissafin kanti, mai rubuta manhaja, mai shirya darasi da fim da talla, mai haɗa ɗan kasuwar Abijan da na Kano. Wannan aiki ta waya yake tafiya, ranar da aka rufe Jibiya ma yana tafiya. Shi ya sa muka ce cibiyoyin koyon sana'ar zamani na farko a Kwanni da Ɗan Isa da Magarya da Gaya za a kafa su, da Ingilishi a cikin darasi, da gurbin ƴan mata rabi da rabi, kafin a ƙara ko ɗaya a Yamai. Abin da ya sami Narva ba ma so ya same ku.

  Masu neman ƙuri'a za su zo da atamfa da sukari da jikka biyu-biyu, namu da nasu. Duk wanda ya zo, ku zaunar da shi a gaban mai gari ku tambaye shi aji nawa ne na kara a garin nan, wata nawa malamai ke bi, kuma a wace shekara zai dawo ya tsaya a sa ɗan aji uku ya karanta takarda a gaban jama'a.